Ƙashin Akuya a Wuyan Nazifa

"Ka ce ba kai ba ne mana! Ɗago ka dube ni ka ce ba kai ba ne!"

Zailani bai ɗago ba. Idonsa na kan baƙar ledar da ta jefo masa a gaban takalmi.

"Indabo, sassauta muryarki. Mutane na wucewa."

"Su wuce! Wa ya rage bai ji ba a Zongo? Tun safe mata ke sallama gidanmu suna yi wa Umma jaje, sai ka ce gobara muka yi."

A ƙofar gidansu suke tsaye, gindin dogon yaron da suka saba zance. Yau ba ta fito da tabarma ba. Ko ruwa ba ta kawo masa ba.

Ya sunkuya ya ɗauki ledar. Bai buɗe ba, ya san abin da ke ciki. Muƙamuƙin akuya ne da ya tsufa har ya yi baƙi, an zura masa igiya. A makarantar firamaren da aka tura shi koyon aikin malanta, sambol ake ce masa. Duk yaron da ya yi wani yare a aji ban da Faransanci, shi ake rataya wa a wuya. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana yi ya miƙa masa. Wanda aka tashi yana wuyansa kuwa, da shi zai tafi gida.

Jiya Nazifa ce ta tafi da shi. Ƙanwar Indabo, 'yar shekara takwas.

"A ƙarƙashin hijabi ta ɓoye shi," in ji Indabo. "Da shi ta yi alwala. Da shi ta tayar da sallar magariba. Sai da ta kai sujada ya faɗo ya bugi tabarma. Umma ta gani ta saki salati. Ka san me ta zata? Ta zata asiri aka yi wa yarinyar."

"Ba asiri ba ne. Dokar aji ce."

"Dokar aji." Ta maimaita a hankali, kamar tana ɗanɗana abu mai ɗaci. "To me ta yi? Na tambaye ta, na lallashe ta, ta ƙi buɗe baki. Sunanka kawai muka samu, shi ma a bakin 'yar maƙwabta. Faɗa mini me ta yi."

Ya juya ledar a hannunsa.

"Zailani!"

"Gaishe ni ta yi."

"Me?"

"Jiya aka sauya mini aji, aka kai ni ajinsu. Ina shiga ta gan ni. Ta miƙe tana murna ta ce, 'Yaya Zailani, ina kwana?'"

Indabo ta dafe ƙirji.

"Mesiye Rasmane na zaune a baya," ya ci gaba. "Ajinsa ne. Shi ke duba ni, shi zai ba ni maki. Yara suka ɗauki ihu, sambol, sambol. Ya zuba mini ido. Jira yake ya ga abin da zan yi."

"Sai ka rataya mata."

"Sai na rataya mata."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Yarinyar da ke ajiye maka dabino a aljihu. Yarinyar da in ta ji ƙarar kekenka take rigana fitowa. Ka san tun yaushe nake tare maka faɗa a gidan nan? Baba ya ce ɗan direba ne, na ce ai sana'a ce. Ya ce malamin lakwal ne, makarantar boko, in ya gama jeji za a jefa shi inda ko ruwan sha babu, na ce zan bi ka. Ya ce masu bokon Faransa ba sa ganin kowa da gashi, na rantse masa kai ba haka kake ba. Yau da wane baki zan yi magana?"

"Ki yi haƙuri."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Baba ya ce ka zo gobe bayan la'asar, ka zo da abin nan a hannunka." Ta ja hanci. "Kuma Umar Faruƙ ya iso daga Kano da kaya. A ɗakin baƙinmu ya sauka. Shi ya ɗauki Nazifa a mota ɗazu ya zaga da ita gari don ta daina kuka."

Umar Faruƙ ɗan abokin cinikin Alhaji Rafi'u ne, mahaifin Indabo. Tun bara yake neman Indabo, Alhaji kuwa bai taɓa ɓoye cewa shi yake so ba.

"Juma'a kawunsa zai zo gaisuwa," ta ce. "Da ina da abin faɗa. Yanzu ka ƙwace mini."

Ta juya ta shige gida. Ƙyauren ya bugu a bayanta.

*

"Kada ka shigo mini da shi ɗaki."

Inna Dela ce, mahaifiyarsa, tana tsugune tana surfa waken ƙosan safe. Ko kallon ledar ba ta yi ba. Labari ya riga shi isowa.

Ya rataye ta a ƙusar da ke jikin katanga, kusa da makewayi.

"Ni dai ban gane karatun nan naku ba," ta ce. "Ka tashi da asuba, ka goge riga ɗaya tal, ka taka keke har makarantar Larlé, ka dawo fari fat da alli kamar wanda ya kwana a injin niƙa. Ba albashi, ba komai. Na ce to, ilimi ne. Ashe har da tsintar ƙashin akuya a ciki."

"Inna, don Allah."

"Ubanka, Allah ya ji ƙansa, ya yi tuƙi daga Ƙonni har bakin teku. Yare nawa ke bakinsa? Ban taɓa jin an rataya masa komai ba."

Ya jawo ɗan teburinsa ƙofar ɗaki tun da sauran haske.

Haka yake kowace yamma. Duk darasin da zai koyar sai ya rubuta shi tun daga farko har ƙarshe: abin da malami zai ce, abin da yara za su amsa, lokacin ɗaga allo, lokacin gogewa. Da safe ya kai wa Mesiye Rasmane ya bi da jan biro. Wata rana takardar kan dawo ja fiye da shuɗi.

Wannan makon ya fi kowane nauyi. Ranar Alhamis sufeto za ta zo ta zauna a aji ta kalle shi yana koyar da lissafi. Makinta da na Mesiye Rasmane za a haɗa. In ya ci, ya zama malami. In ya faɗi, duk wahalar ta tashi a banza.

Ya rubuta kan darasi: Rabawa. Ya ja layi a ƙasa.

Daga nan biron ya tsaya. Fuskar Nazifa kawai yake gani lokacin da ya zura mata igiyar. Ba ta yi kuka ba. Murmushin ne ya tsaya a fuskarta na ɗan lokaci, don ta zata wasa yake mata.

Inna Dela ta ajiye masa kwanon tuwo a kan takardun.

"Ci. In za a kore ka gobe, a kore ka da ƙoshi."

*

Laraba ta waye. Aka share fili, aka ɗaga tuta, aka shiga aji a layi.

Yara kusan ɗari, huɗu-huɗu a benci. Zailani ya buga sanda a tebur, allunan yara suka ɗagu sama. Ya sake bugawa, suka sauka. Hannunsa na aiki, bakinsa na aiki. Idonsa kuwa na komawa benci na biyu ta wajen taga, inda yara uku suka baje a wurin mutum huɗu.

Nazifa ba ta zo ba. Jiya ma haka.

Da aka fita hutu, Mesiye Rasmane ya yafito shi. Dattijo ne mai furfura, siriri, rigarsa kullum a tsuke cikin wando. Yana zaune a inuwar mangwaro yana cin benga, wake da shinkafa, a ɗan kwano. Da Faransanci yake magana, a hankali, kamar mai yin shifta.

"Ina sambol ɗina?"

"Yana gida, Mesiye. Iyayenta sun dawo mini da shi."

"Sun yi fushi?"

"Ƙwarai."

"Kullum haka suke. In sakamakon jarrabawar sartifika ya fito kuma su zo da zabi suna godiya." Ya kai loma. "Zauna. Ka daina tsayuwa a kaina kamar soja."

Zailani ya zauna a gefen benci.

"Kana ganin mugu ne ni, ko? Ni ma na rataya shi. Namu kan biri ne, da wari. Na yi kuka, na tsani malamin. Amma a ƙauyenmu kaf ni kaɗai na ci jarrabawa. Jarrabawar nan ba da yarenmu Mooré ake yin ta ba, ba kuma da Hausarku ba. Yaron da bai buɗe baki da Faransanci a aji uku ba, ya tafi ke nan. Na ga ɗaruruwansu suna tura amalanken ruwa."

"Gaisuwa kawai ta yi, Mesiye."

"Na ji. Da ka ƙyale ta, gobe kowa na da yaya a aji." Ya nuna shi da cokali. "Ka yi daidai. A ranar na ce yaron nan zai iya riƙe aji."

Yabon ya zauna wa Zailani a ƙirji kamar dutse.

Mesiye Rasmane ya waiga, ya rage murya.

"Gobe kafin a buga ƙararrawa ka ba ni shi hannu da hannu, in kulle a kabad. Ka san a takarda an hana. Matar nan da za ta zo ba ta wasa. In ta gan shi, ni da ya rage mini kaɗan in yi ritaya, sai a bi ni da takardar tuhuma. Kai kuma ba sai na faɗa maka ba."

"To, Mesiye."

"In ta tafi, yarinyar ta karɓi abinta. Ba ta kama kowa ba tukuna."

Zailani ya buɗe baki. Ƙararrawa ta buga. Ya rufe.

*

Bayan la'asar ya yi sallama a zauren Alhaji Rafi'u.

Dilolin atamfa da shadda ne jibge har kusa da rufi, ƙamshin sabon yadi ya cika wurin. Alhaji na zaune a kan darduma da carbi a hannu. Umar Faruƙ na gefe a kan dila, farar shadda na ƙyalli, yana juya makullin mota a yatsa.

Zailani ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Baba, barkanku da yamma."

Alhaji bai amsa ba sai da ya kai ƙarshen carbin.

"Lafiya."

"A'a, Malam ne da kansa!" in ji Umar Faruƙ da fara'a. "Sannu da aiki. Alhaji, mu yi a hankali fa. Hausa muke yi, kada a rataya mana."

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

"Fito da shi," in ji Alhaji.

Zailani ya zazzage ledar. Ƙashin ya faɗo a kan siminti. Alhaji ya janye gefen dardumarsa.

"Na yankakkiya ce ko mushe?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba ka sani ba. Amma ka rataya wa 'yar Musulmi ta yi salla da shi." Muryarsa ba ta tashi ba. "Na zo garin nan tun kafin a haife ka. Na koyi Mooré don ciniki. Faransanci ma ina taɓawa a kwastan. Amma na yi wa kaina alkawari, duk ɗan da aka haifa a gidan nan da Hausa zai gaishe ni, don kada ya je Kano a ce baƙo ne. Ni na koya wa Nazifa in ta ga babba ta miƙe ta gaishe shi. Ni na koya mata. To ni ka hukunta."

"Baba, na yi kuskure. Tsoro ne ya kama ni."

"Tsoron wa?"

"Wanda zai ba ni maki."

"Madalla. Gara da ka faɗi gaskiya." Alhaji ya jinjina kai. "Yau tsoron mai maki ya sa ka wulaƙanta ƙaramar. Gobe in na ba ka babbar, tsoron wa zai sa ka wulaƙanta ta?"

Daga bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida Zailani ya ji shesshekar da ya sani.

"Alhaji, a yi masa uzuri," in ji Umar Faruƙ. "Abinci yake nema. Malam, in aikin ya gagara ka yi magana. Muna neman mai rubuta lambar diloli, kuma ka iya rubutu."

"Umaru, ya isa." Alhaji ya koma kan Zailani. "Yarinyar nan tun shekaranjiya ba ta yi magana ba. Ba Hausa, ba Faransancin. Na ce na cire ta daga lakwal, uwarta na roƙo. Ita kuma waccan," ya nuna labule da carbi, "ta ƙi ci ta ƙi sha, wai kai mutumin kirki ne. To zan gani."

Ya tura ƙashin da bakin sandarsa har ya taɓa gwiwar Zailani.

"Gobe da safe ka rataya shi a wuyanka. A kan riga, ba a ciki ba. Ka bi ta ƙofar gidana da shi in gani. Ka shiga ajin da shi, ka yi musu karatu da shi, Nazifa na kallo. Yadda ta ɗauke shi gaban 'yan'uwanta, kai ma ka ɗauka. In ka yi haka, Juma'a zan ba baƙina haƙuri, ka turo magabatanka."

Makullin ya tsaya a yatsan Umar Faruƙ.

"Alhaji, ai ba haka muka..."

"Ban gama ba. In ba ka yi ba, kada in ƙara ganin kekenka a gindin bishiyar nan."

Zailani ya ɗago kai.

"Baba, gobe ne sufeto ke zuwa. Jarrabawata ce. An hana abin nan, in ta gan shi a wuyana na faɗi. Ku bar shi zuwa jibi, don Allah."

"An hana?" Alhaji ya ɗaga gira. "Ashe ka san an hana ka rataya mata?"

Zailani ya mayar da ido kan ƙashin.

"Jibi Juma'a ce, ina da baƙi. Gobe na ce. Tashi ka je."

*

Bai kai kwanar masallaci ba ya ji takun gudu a bayansa. Indabo ce, mayafi a karkace, ƙafa ba takalmi.

"Kada ka sa."

Ya tsaya riƙe da keken.

"Ka ji ni? Kada ka sa, Zailani. Na ji duk abin da aka ce. Wahalar da ka sha fa? Wahalar Inna fa? Da kuɗin ƙosai ta kai ka nan. In ka faɗi me za ka yi, rubuta wa Umar Faruƙ lambar diloli?"

"In ban sa ba fa?"

Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

"Zan ƙi. Zan ce ba na so."

"Za ki iya ce wa Baba a'a gaban baƙi?"

Ta sunkuyar da kai.

"Jiya ke kika jefo mini shi."

"Jiya haushinka nake ji! Yau ma ina ji! Wallahi in na tuna fuskar Nazifa ji nake kamar in shaƙe ka." Ta goge ido da bakin mayafi. "Amma ban ce ka kashe kanka ba. Ni malami na ce zan aura. Na riga na gaya wa ƙawayena, duk ƙauyen da aka kai ka zan je, in yi maka wanki, in jiƙa maka zoom-koom, ruwan garin gero, in ka taso. In ka sa abin nan ka same ni ka rasa aikin, kullum ka dube ni sai ka tuna. Za ka tsane ni."

"Ba zan tsane ki ba."

"Kai kullum kalma biyu! Ka faɗi wani abu mana! Ka ce za ka sa ko ba za ka sa ba!"

"Akwai Mesiye Rasmane ma. In aka gani, shi ma ya shiga uku."

"Shi ya dame ka?"

"Shi ya koya mini riƙe alli."

Ta dube shi, ta girgiza kai.

"Ni zan kai Nazifa gobe. Baba ya ce in tsaya in gani da idona." Ta ja baya. "Ban san addu'ar da zan yi ba, Zailani. Wallahi ban sani ba."

Wata mata ta leƙo ta katanga. Indabo ta gyara mayafi ta juya da sauri.

*

Alhamis. Ya goge rigar. Ya saka takardun darasi a jaka. Ya tsaya gaban ƙusar da ke jikin katanga.

Inna Dela na bakin kasko, mai na ƙara. Ta dube shi ta dubi ledar.

"Ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba," ta ce. "Amma in za ka yi, ka miƙe wuyanka. Kada ka tafi a sunkuye kamar ɓarawon akuyar."

Igiyar ta yi masa kaɗan, don wuyan yara aka yi ta. Da ƙyar ta wuce kunnuwansa. Ƙashin ya zauna masa a maƙogwaro, da sanyi.

Ya hau keke.

Mai shayi ya tsaya da zuba ruwa. 'Yan moto, masu babur, a bakin titi suka bi shi da ido, ɗaya ya yi fito. Wasu 'yan makaranta suka nuna shi suna toshe baki.

Alhaji Rafi'u na zaune a ƙofar gida a kan kujera. Zailani ya sauka ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya dubi wuyansa, ya daɗe yana dubawa.

"Saura ajin," ya ce.

Hanyar Larlé ba ta taɓa yi masa tsawo haka ba.

Ya makara. An riga an ɗaga tuta, an shiga aji. A inuwar mangwaro ga wata baƙuwar moto a jingine. Can bakin ƙofar makaranta motar Umar Faruƙ ce, shi yana zaune a kan bonet ya harɗe hannu.

"Wallahi ya sa," ya ce, ba dariya a muryarsa wannan karon. "Kai, Malam, kana da hankali kuwa?"

Zailani ya wuce shi.

Mesiye Rasmane na tsaye a ƙofar aji yana duban agogo. Ya ɗago. Bakinsa ya buɗe.

"Cire," ya ce ƙasa-ƙasa. "Cire ka ba ni. Sufeto na ciki."

"Ku gafarce ni, Mesiye."

"Yaro, kada ka yi mini haka. Ina da iyali."

Dattijon ya riƙe masa hannun riga. Zailani ya ji kamar ya tsaya. Sai ya hango taga. Indabo na tsaye a waje, ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu. A benci na biyu, ƙasan tagar, Nazifa na zaune ta kifa kai a kan allonta.

Ya zame hannunsa ya shiga.

Yara suka miƙe gaba ɗaya.

"Bonjur, Mesi..."

Gaisuwar ta mutu a tsakiya. Ido kusan ɗari biyu a wuyansa. Wani ya ƙyalƙyale, na kusa da shi ya zungure shi.

Ya ajiye jaka. Ya ɗauki alli ya rubuta kwanan wata, ya rubuta Rabawa, ya ja layi. Allin ya karye. Ya ɗauki wani.

Da ya juyo, Nazifa ta ɗago kai. Ta dubi ƙashin. Ta dubi fuskarsa. Leɓenta ya motsa, muryar ta fito a dishe, amma ajin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Yaya Zailani, kai ma Hausa ka yi?"

Indabo ta toshe baki a taga.

Ajin ya fashe.

"Sambol! Sambol! Mesiye, ta yi Hausa! A ba ta!"

Yatsu suka nuna ta ta ko'ina. Nazifa ta ƙanƙame allonta, ta runtse ido, ta miƙo wuya tana jira.

Zailani ya buga sanda a tebur da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Aka yi tsit.

"Ba wanda za a ba," ya ce da Faransanci. Sannan ya dubi yarinyar ya ce da Hausa, "Zauna, Nazifa. Lafiya lau na kwana."

Kujera ta yi ƙara a bayan aji.

Sufeto ce ta miƙe. Doguwar mace mai tabarau, da biro a hannu. Ta tako tsakanin bencina ba gaggawa, yara na janye ƙafafu. Ta tsaya a gabansa. Ta sa bakin biron ta ɗaga ƙashin, ta juya shi, ta dubi yadda igiyar ta yi baƙi da gumin wuyan yara.

Ta waiga ta dubi Mesiye Rasmane. Yana jingine da ƙyaure, kansa a ƙasa, furfurarsa ta jiƙe.

Ta dawo da idonta kan Zailani, ta buɗe biron.

"Abin nan ya daɗe yana aiki," ta ce. "Ina so in ji daga bakin ɗayanku. Na wane ne?"